Abin da Ke Shan Batirin Kunkuru

"Zare na huɗu," in ji Injiniya daga ƙarƙashin gadon motar, muryarsa na fitowa kamar daga cikin ganga.

Baba Direba ya sa yatsunsa ya kama fiyus ɗin, ya ja, ya ƙi zuwa. Ya yi tsaki, ya sake ja da ƙarfi, sai ga shi a hannunsa.

"Na zare. Ya sauka?"

"Ko gezau."

"To fa. Saura huɗu."

Suka bi sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya, har kwalin fiyus ɗin ya zama wayam. Tsinken mitar da Injiniya ya ɗaura a kan batir yana nan inda yake, ɗan sama da sifiri, yana nuna cewa wani abu na shan wuta alhali an kashe komai. Injiniya ya jawo jiki ya fito da baya, gwiwoyinsa na ƙara, yanar gizo a gashin kansa.

"Baba, motar nan taka akwai ɓarawo a ciki."

"Ai shi ya sa na kira ɗan sanda. Kamo min shi."

Motar tsohuwar bas ce mai kujera goma sha huɗu. Baba Direba ya saye ta shekarar da ya ajiye tuƙin manyan motoci, ya kwance kujerun baya, ya kafa gado da 'yar kabad da ƙaramin firij, matarsa ta ɗinka labule mai furanni. Mutanen layin suka sa mata suna Kunkuru, tunda da ɗakinta take yawo, ga shi kuma ba ta san sauri ba. Shi da matar suka ce za su zaga ƙasa da ita, ya nuna mata hanyoyin da ya yi shekara arba'in yana bi shi kaɗai. Sau biyu kacal suka fita. Ciwo ya kwantar da matar, ya tafi da ita, Kunkuru ta zauna a tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano har shekara uku.

Batir biyu gare ta. Na gaba shi ke tayar da inji, na baya kuwa, wanda ke ƙarƙashin gado, shi ke riƙe da firij da fitilu da fanka idan an kashe mota. Na bayan ne ya ƙi lafiya. Sabo ne fil, Baba Direba har ya rubuta ranar da ya saye shi da fensir a gefensa, kamar yadda yake yi wa kowane kayan gyara tun yana kan hanya. Amma a cika shi taf yau, jibi a same shi a mace.

Ba don sha'awa ake wannan wahala ba. Auta, 'yarsa tilo da ta rage, tana aure a wani gari mai nisan kwana uku a tafiyar Kunkuru, ta kuma haifi 'ya mace wata biyu da suka wuce. Ta ce ya rufe gidan ya komo wurinta gaba ɗaya. Motar haya ba ta yiwuwa, ƙafafunsa kumbura suke yi in ya zauna awa biyu bai miƙe ba. A Kunkuru kuwa zai tuƙa kaɗan, ya kwanta kaɗan. Sai dai ruwan allurarsa na ciwon suga ba ya son zafi. In firij ya mutu a hanya, maganin ya lalace, shi ma ya bi shi. Maganar ke nan: ranar da batirin baya ya daina zuba, ranar Baba Direba zai ɗaure kaya.

Injiniya maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. Ba injiniya ba ne, ko takardar shaida ba shi da ita, mai gyaran wutar mota ne kawai, tsohon ne ya liƙa masa sunan don tsokana har ya bi shi. Ya haura hamsin. Matarsa ta tafi ganin gida shekara bakwai da suka wuce, ba ta dawo ba, shi kuma girman kai ya hana shi bin sawu. Ba su haihu ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, ɗakin kwanansa na bayansa, kuma tun da motocin zamani suka koma sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi abin da ke damunsu, sai ya yini bai ga mota biyu ba. A tsaye yake cin abinci, gaban tukunya. Akwai ranakun da in ban da sallamar mai burodi, ba ya jin muryar kowa ta nufo shi.

"Bar shi haka, ƙarfe huɗu ta yi," in ji Baba Direba. "Ɓarawon ma ya tafi shan shayi."

Ya ɗauko fulas da kofi biyu. Suka zauna, tsohon a kan gado, Injiniya a matakalar ƙofar gefe. Shayin ba suga, ɗaci kamar magani, Injiniya ya yamutsa fuska.

"Sha mana. Ni da likita ya hana ba na kuka, sai kai?"

"Baba, wannan ai hukunci ne."

"Ladan aikinka ke nan har ka kamo shi."

Daga nan labari ya ɓalle. Yadda birki ya ƙwace masa a gangaren dutse da lodin siminti, yadda ya kwana uku a bakin gada ruwa ya cinye hanya, yadda marigayiya ke gane ƙarar motarsa tun daga kwanar layi ta ɗora ruwan wanka. Injiniya bai san lokacin da ya yi dariya har da buga cinya ba. Da ya koma ɗakinsa ya ji muƙamuƙinsa na ciwo, ya daɗe rabonsa da yin amfani da shi haka.

A rana ta huɗu ya kama ɓarawon, kuma ba da wata dabara ba. Wani ɗan noti ne ya suɓuce masa ya gangara ƙarƙashin kujerar direba. Ya durƙusa ya tura hannu yana lalube, sai bayan hannunsa ya taɓa wani abu mai ɗumi. Da safe ne, motar ta kwana a kashe, ƙarfen jikinta duk sanyi. Abin nan kuwa ɗumi gare shi kamar ƙwan da kaza ta tashi daga kai.

Ko bai leƙa ba ya san ko mene ne. Rile ne, ɗan baƙin akwati da bai fi kwalin ashana biyu ba, wanda ke haɗa batiran biyu in inji na aiki don su yi caji tare, ya kuma raba su in an kashe mota. Wannan ya daina sakin hannu. Dare da rana yana riƙe, yana cin wuta kaɗan-kaɗan, kuma tunda wayarsa ba ta bi ta kwalin fiyus ba, ko shekara za a yi ana zare fiyus ba za a gan shi ba. Noti biyu, waya huɗu. Aikin minti biyar.

Ya buɗe baki zai yi ihun murna. Sai idonsa ya faɗa kan fulas ɗin da ke kan kabad, da kofi biyun da aka kife a gefensa. Minti biyar, sannan tsohon ya ɗaure kaya, a sa wa ƙofar gidan kwaɗo, ƙarfe huɗu ta koma kamar kowane ƙarfe.

"Me ka taɓo a nan?" Baba Direba na tsaye a bayansa, dafe da sanda. "Na ga hannunka ya daɗe."

"Noti ne ya faɗi."

"Ka same shi?"

"Na same shi, Baba."

"Madalla." Tsohon ya ɗan tsaya yana kallonsa, sannan ya juya. "Yau ina za mu duba?"

"Wayar ƙasa," in ji Injiniya, bai ɗago ba. "Ina zargin ta yi tsatsa."

Kwana biyu kawai, haka ya gaya wa kansa. Ai ba ƙarya ba ce, wayar ta yi tsatsa ɗin. Ya goge ta, ya canja kanta. Washegari ya zo da safe ya tarar da gidan a rufe, sai wajen azahar ya hango tsohon yana tahowa daga bakin titi, yana jan ƙafa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Haba Baba, ina ka shiga da wannan ƙafar? Ba sai ka aike ni ba?"

"Miƙe ƙafa na je yi. Ko sai na nemi izini a wurinka?"

Ya shige Kunkuru, Injiniya ya ji ƙarar durowar gaba an buɗe an rufe, an murɗa mukulli. A nan tsohon ke ajiye takardun mota, ba ya bari kowa ya taɓa.

Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama uku. Wallahi Kunkuru ba ta taɓa ganin gata irin na lokacin ba. Injiniya ya kwance firij ya wanke bayansa. Ya bi wayar fanka tun daga rufi har ƙasa ya naɗe ta da sabon tef. Ya ɗora wa famfon ruwa laifi, ya wanke shi da kansa bayan kwana uku. Ya zargi rediyo, ya zargi caja, har batirin da ba shi da laifin komai ya ɗauka a kafaɗa ya kai shago ya auna ya dawo da shi. Kowace safiya sai ya ɗaura mita, su sunkuya su biyu su kalli tsinken, su girgiza kai tare.

"Ɓarawon nan ya fi ka wayo, Injiniya."

"Zai zo hannu, Baba."

"Ni dai kar ka gaya wa mutane ni na sa maka sunan nan. Kunya za ka ba ni."

Wani lokaci in ya shiga gaba ɗauko filaya, sai ya saci jiki ya tura hannu ƙarƙashin kujera. Yana nan da ɗuminsa. Sai ya ji kunya ta rufe shi, ya rantse gobe zai faɗa. Gobe ta zo, ƙarfe huɗu ta yi, a zuba shayi, tsohon ya ce, "Na taɓa ba ka labarin yaron motar da ya yi barci a kan lodi muka bar shi a iyaka?" Shi ke nan, rantsuwa ta bi ruwa.

Shi ma ya fara magana, abin da bai saba ba. Wata rana ya ba da labarin matarsa, yadda ta bar takalmanta na cikin gida a bakin ƙofa, yadda har yau bai ɗauke su ba, sai dai ya share gefensu. Baba Direba bai ce masa ya yi haƙuri ba, bai kuma ce ya je biko ba. Ya ƙara masa shayi kawai.

"Ni buroshin haƙoranta ne," ya ce. "Yana nan a kofi."

Amma mai ido ya ga tsohon na raguwa. Da yakan hau matakalar Kunkuru da kansa, yanzu sai an kama masa hannu. Labari yakan yanke masa a tsakiya ya tsaya neman numfashi. Zoben azurfar da ke yatsansa ya fara juyawa shi kaɗai. Injiniya ya ga duk wannan. Ya gani sarai, ya kau da kai, kuma wannan shi ne abin da bai yafe wa kansa ba daga baya.

Ranar wata Laraba, suna tsakiyar shayi, waya ta yi ƙara. Baba Direba ya danna ta yadda kowa zai ji, don kunnensa ɗaya ya yi nauyi.

"Baba, ina wuni? Ya jikin?" Muryar Auta ce.

"Jiki garau. Ina mutuniyar?"

"Ga ta nan tana ta rigima. Baba, yau fa wata uku ke nan. Ta fara dariya, in ka ga bakinta sai ka ce Mama. Har yanzu motar?"

"Har yanzu. Ga Injiniya nan, ya kusa."

"Kawu, ina wuni? Don Allah a taimaka mana. Na gyara masa ɗaki tun watan jiya, kullum sai na share shi na sake rufewa."

"In Allah ya yarda," in ji Injiniya.

Sai jaririyar ta tsala kuka a cikin wayar. Baba Direba ya kai wayar kunnensa mai kyau ya manna, ya rufe ido, yana murmushi, leɓensa na motsi ba sauti. Har aka kashe bai sauke hannunsa ba.

Injiniya ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki. Bai tsaya labari ba ranar. Ya wuce kai tsaye shagon mai kayan gyara a bakin kasuwa, ya faɗi lambar rilen.

"Irin wannan ya ƙare," in ji mai shagon. "Ba a cika nemansa ba, ɗaya-ɗaya nake kawowa. Ka dawo jibi da safe."

Ya koma jibin tun kafin a gama buɗe shago. Ya karɓa, ya sa a aljihun wando, ya taho yana shirya maganar da zai yi. Zai ce, Baba, na kama shi. A'a, zai faɗi gaskiya duka, in zagi ne a zage shi. Zai ma ce zai raka shi, ya tuƙa masa rabin hanya, ya dawo a motar haya. Me ya hana shi tunanin wannan tun farko? Har ya fara sauri.

Ƙofar gidan a sakaye take. Rediyon da kan tashi tun asuba shiru. Ya yi sallama sau biyu, ya tura ƙofar ɗaki. Baba Direba na kwance a ƙasa tsakanin gado da kujera, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu, idonsa a buɗe, numfashi na fita da ƙyar.

"Innalillahi! Baba! Baba!"

Mai shagon ɗinki na ƙarshen layi ne ya kawo motarsa, suka kai shi asibiti. Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe tana ba da sanarwa. Injiniya ya kira Auta, ta ce ga ta nan tafe, za ta shiga motar farko da ta samu. Ya zauna a kujerar roba gefen gadon, rilen na tokarinsa a cinya.

Washegari da hantsi tsohon ya buɗe ido. Ya dubi rufi, ya dubi robar ruwan da ke rataye, sannan ya gane wanda ke zaune.

"Injiniya."

"Na'am, Baba. Auta na hanya. Da jaririyar."

"Uhm." Ya ɗan huta. "Ka kamo shi?"

"Na kamo shi. Rile ne, ƙarƙashin kujerarka." Hawaye suka zubo masa, bai share ba. "Baba, na daɗe da sani. Tun rana ta huɗu. Ni ne na..."

Tsohon ya ɗaga yatsu biyu daga kan bargo, yadda direba ke yi wa ɗan'uwansa in sun yi kiciɓis a hanya. Gefen bakinsa ya motsa.

"Ka cika surutu," ya ce. "An ba ka shayi a nan?"

"A'a."

"Marowata."

Bai sake cewa komai ba. Ya cika kafin la'asar, cikin barci, ba ko shure-shure. Auta ta iso bayan awa huɗu, da jaririya a kafaɗa da jaka ɗaya a hannu. Awa huɗu. Injiniya ya yi ta juya wannan a ransa, ya ajiye shi gefen mako ukun da ya ɓata yana naɗe wayar fanka, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Aka kai Baba Direba makwancinsa. Mutanen layi suka zo suka yi gaisuwa suka watse, gidan ya koma shiru. Bayan kwana biyar Auta ta leƙo ta kan katanga.

"Kawu, ko za ka zo ka taya ni duba takardun motar? Maigidana ya ce in taho da su, in ya samu hutu zai zo ya ɗauke ta."

Ya zo. Bai taka cikin Kunkuru ba tun ranar Larabar nan. Kofinsa na nan inda ya ajiye shi, shayin ya bushe ya bar zobe a ciki. Auta ta shimfiɗa zani a kan gadon ta kwantar da jaririyar, yarinyar ta kama kallon furannin labule tana wutsil-wutsil da ƙafa. Injiniya ya kasa kallonta.

"Kullum sai ya yi min maganarka," in ji Auta tana gwada mukullai a durowar gaba. "Injiniya ya ce, Injiniya ya yi. Har na fara kishi. Na ce Baba ko dai ba ka son zuwa ne? Ya ce, ke dai bari, akwai aikin da ba mu gama ba."

"Auta, akwai maganar da ya kamata ki sani."

"Yauwa, ga shi ya buɗe."

Takardun na ciki a cikin leda, a ɗaure da roba. Ga tocila, ga tsohon tabarau, ga guntun fensir. Can ƙurya kuma wani ɗan kwali, sabo, ba a ko ɓare shi ba. Ta ɗauko ta jujjuya.

"Wannan fa? Na motar ne?"

Ta miƙa masa. Tambarin shagon bakin kasuwa ne a jiki, lambar kuma ita ce wadda ya faɗa wa mai shagon ranar Laraba. A gefen kwalin, da fensir, da rubutun nan mai karkata da ke jikin batir, an rubuta kwanan wata. Ya ƙirga da yatsa. Washegarin ranar da noti ya faɗi. Ranar da tsohon ya tafi miƙe ƙafa ya dawo riga jiƙe da gumi.

Ya zauna a matakala.

"Kawu? Lafiya?"

"Shi ne abin da ya lalace," ya ce. "Wannan ne maganinsa."

"To ai yana da shi! Me ya sa bai ba ka ba?"

Injiniya ya juya kwalin a hannunsa. Shekara arba'in mutum na kan hanya, ya kwana a ƙarƙashin mota ya fi sau ɗari, a ce bai san rile mai ɗumi ba? Yana tsaye a bayansa, ya ga hannun ya daɗe. Da Injiniya ya juya baya, tsohon ya durƙusa da wannan gwiwar tasa ya taɓa da kansa. Ya je ya sayo, ya kulle a durowa, ya dawo yana girgiza kai a gaban mita kowace safiya. Ko tsoron hanyar yake ji, ko ɗakin da aka share masa a gidan suruki, ko buroshin da ke cikin kofi ne ya riƙe shi, ko kuwa shi Injiniya ne da takalman da ke bakin ƙofarsa, babu wanda zai tambaya yanzu.

"Ni ma na sani," ya ce a hankali. "Na sani ban faɗa ba. Ban so ya tafi ba. Ki yafe min, ni na hana shi ganin 'yarki."

Auta ta daɗe tana kallon kwalin. Ta share ido da gefen mayafinta, ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Ku biyun nan," ta ce. "Ni ina can ina share ɗaki."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ɗauki 'yarta ta rungume, ta tsaya a bakin ƙofar motar.

"Sa masa shi, Kawu. Nasa ɗin, wanda ya saya."

Ya ɓare kwalin. Ya cire kan batir, ya durƙusa, ya kwance noti biyu, ya zare waya huɗu ya mayar da su a jikin sabon. Ya ɗaura mita. Tsinken ya kwanta a kan sifiri bai ko motsa ba. Bai kai minti biyar ɗin ba ma.

Ta tafi da safiyar Asabar. Ta bar masa mukullin gida da na mota, ta ce ya riƙa leƙawa kafin maigidanta ya zo. Fulas ɗin ma ta ce ya ɗauka, ba ta da wurin sa shi a jaka.

Ranar Litinin, da ƙarfe huɗu ta yi, ya rufe shago ya zaga. Ya buɗe kwaɗon, ya ratsa tsakar gidan da ganye ya fara taruwa, ya zuge ƙofar Kunkuru. Ya auna batirin baya. Cike yake taf, kamar yadda ya bar shi. Ya kunna firij, ya ɗauka nan take da 'yar ƙararsa. Ya kunna fitila, ya kashe. Ya duba ko'ina, babu abin gyara.

Ya wanke kofi biyun a famfo, ya kife ɗaya a kan kabad, ya zuba shayi a ɗayan, ba suga. Kafin ya zauna ya zaga gaba, ya durƙusa, ya tura hannu ƙarƙashin kujerar direba. Rilen sanyi ƙalau. Ya bar hannunsa a wurin, shayin na huci a kan matakala.